Inda Aka Kwana a Gyaran Jikin Roba-Roba: An Kai Firaima

'Yan uwa masu koyo, ga inda aikin ya tsaya. Mashin ɗin roba-roba ne da ya faɗi ta gefen dama: murfin gefe ya tsage, madigadin gaba ya kwarzane, murfin salansa ya lotsa. An kwance komai, an wanke, an ɗinke tsagar, an fesa firaima, wato shafin farko da fenti ke hawa kai. Fenti bai hau ba tukuna.

Kafin ku taɓa gam ko wuta, ku juya robar ku duba cikinta. Galibi akwai tambarin da ke nuna irin robar, ABS ko PP. ABS tana karɓar gam, har asiton na narkar da ita. PP kuwa ba ta jin gam ko kaɗan. Zai kama yau, gobe a hanya mai gargada ya saki. Ita sai narkarwa da ƙarfen soda, kuma da guntun roba irinta. Murfin gefen nan PP ne.

An huda rami na milimita 3 a kowane bakin tsagar don kada ta ci gaba da tafiya. Daga ciki aka zana kwari a kan layin, aka narka roba aka cike, sannan aka danna guntun ragar ƙarfe da zafi har ta nutse. Idan hayaƙi ya fara tashi, zafin ya yi yawa, robar ƙonewa take yi, kuma ƙonanniyar roba karyewa za ta yi.

Lotsar ƙarfen murfin salansa an buga ta daga ciki kafin poti, wato kwaɓin da ake cike lotsa da shi. Poti kada ya wuce kaurin milimita 3. Hadina, wato maganin da ke sa shi daskarewa, kashi 2 cikin ɗari ya isa. In ta yi yawa, tabonta zai fito ta cikin fenti daga baya. A zafin Afrilu bai kai minti biyar ba zai daskare, don haka a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan. A kan roba kuwa sai poti mai lanƙwasuwa, na ƙarfe tsagewa yake yi. Wanda tankinsa ne ya lotsa, kada ya kai masa wuta: tururin fetur yana nan ko da an juye man.

Gogewa an bi ta da sanfefa lamba 80, 180, sai 320, duk a bushe. Poti yana shan ruwa, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya yi tsatsa, fenti ya kumbura. Ruwa sai bayan firaima, da sanfefa lamba 600.

PP ba ta riƙe firaimar ƙarfe, sai an fara fesa mata siririyar firaimar roba. A kuma cire maiƙo sosai, musamman man ƙyalli da masu wanki ke shafawa. Shi ne ke sa fenti ya buɗe ƙananan ramuka kamar idon kifi.

Saura kala da kiliya, wato shafin ƙarshe marar launi mai sa ƙyalli. Bindigar feshi ta tsaya santimita 15 zuwa 20 daga jiki, shafi biyu ko uku marasa kauri, da hutun minti goma a tsakani. Kiliyar gwangwani ta fi sauƙi, amma fetur na ɗiga mata take laushi; mai hadina ce ke jurewa. Tururin mai hadina yana illa ga huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, sai wanda aka yi don tare tururin irin wannan fenti. A yayyafa ruwa a ƙasa kafin feshi saboda ƙura, kuma sitika ta jira mako guda.