Girafin da ya ƙi rufuwa

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin gwaje-gwaje shi ne ɓare girafin da salatif, wato siririyar shimfiɗar sinadarin kabon da ake cewa za ta gaji silikon a cikin kwamfuta saboda saurin da wutar lantarki ke yi a cikinta. Za ka ɗauki ɓarɓashin girafait, irin na cikin fensir amma tatacce, ka manna a salatif, ka yi ta haɗawa kana ɓallewa har ya koma ƙura mai ƙyalli. Sai ka danna shi a kan farantin silikon, ka ɗaga a hankali. Da wannan dabarar Andre Geim da Konstantin Novoselov suka fitar da shi a Jami'ar Manchester a 2004, aka ba su kyautar Nobel a 2010.

Wahalar tana wajen nema. Kaurinsa zarra ɗaya ce tak, kuma kashi 2.3 cikin ɗari na haske kawai yake sha, don haka ko a maikiroskof ba ya fitowa sosai sai farantin yana da rufin oksaid mai kaurin nanomita 300 ko 90 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Ka ji abin dariya: magajin silikon ɗin da ake ta yi wa kirari, a bayan silikon ake goya shi kafin a gan shi.

Da muka sa masa ƙafafun zinariya na shigar da wuta muka fara awo, na ga inda gizo ke saƙar. Kana juya ƙarfin lantarkin da ke sarrafa shi, wutar tana raguwa, ta kai wani wuri, sai ta sake hawa. Ba ta taɓa sifili. Famfo ne mai zuba da ƙarfi amma ba ya ƙullewa. Silikon yana da tazarar makamashi ta eV 1.1 (eV ma'aunin makamashi ne) da ke tare wuta idan an kashe transista, wato ɗan makunnin lantarkin da kwamfuta ke aiki da shi. Girafin ba shi da ko ɗigo. Tsakanin kunnawa da kashewa da ƙyar muke samun ninki goma, alhali kwamfuta tana son dubbai. Tara biliyoyin irinsa a guntun kwamfuta ɗaya, zafi zai cinye shi.

Tun daga nan na daina tambayar saurin sabon sinadari, sai in tambayi ko yana rufuwa. Shi ya sa na koma kan MoS2, haɗin ƙarfen molibdenum da farar wuta, wanda shimfiɗarsa ɗaya ke da tazarar eV 1.8, kuma tun 2011 aka yi transista da shi a birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan. Yana rufuwa lafiya lau, sai dai ba shi da sauri, kuma mahaɗarsa da ƙarfe tana cin wuta. Ga ƙanƙanta: ɓallin da nake samu bai kai faɗin silin gashi ba, masana'antu kuwa faranti mai milimita 300 suke aiki da shi.