Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar magunan nan

Alhamdulillahi. Jiya da yamma likita ta sake duba magunan da suka rage a hannunmu, ta auna zafin jikinsu, ta buɗe bakinsu da idanunsu, ta bi fatarsu da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce daga yanzu za mu iya kwanciya mu yi barci. Sai da ta faɗi haka na ji gajiyar da na daɗe ina dannewa ta sauko mini gaba ɗaya. Ba zan maimaita yadda aka same su ba, domin kun bi labarin tun ranar da aka fasa ɗakin da mai kiwonsu ya kulle su a ciki ya yi tafiyarsa. Maguna 11, manya da ƙanana, muka kwaso zuwa gidanmu a Unguwar Rimi da ke Kaduna, 8 daga cikinsu Allah ya raya, 3 kuma muka binne su a gindin mangwaron bayan gida.

Da yawa daga cikinku sun tambaye ni abin da ya kashe ƙananan da sauri haka, alhali yunwa ce kawai ake gani a jikinsu. Cutar da likita ta gano sunanta fanlukofeniya, ƙwayar cuta ce da ke cinye fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, ta kuma kwaɓe bangon hanji, shi ya sa amai da gudawa ke ƙarar da ruwan jikin ɗan mage cikin ɗan lokaci. Babu maganin da ke kashe ita ƙwayar kai tsaye. Abin da ake yi shi ne ƙarin ruwa, da allurar tsayar da amai, da maganin da zai hana wasu cututtukan shiga ta raunin hanji, da ɗumi, sannan a jira ikon Allah. Ba ta kama ɗan Adam, amma tana iya zama a ƙasa da keji da kwano har tsawon shekara, kuma sabulu kaɗai ba ya kashe ta, sai an haɗa da bilic. Wannan ne dalilin da ya sa na riƙa tsayar da baƙi a bakin ƙofa ina roƙonsu su tsoma takalmansu a ruwan bilic, kuma ina neman afuwar duk wanda hakan ya ɓata wa rai.

Dare ɗaya ne ba na jin zan manta da shi. Lokacin hunturu ya tsananta, an ɗauke wuta, man janareta ya ƙare, ita kuma ƙaramar cikinsu, wadda yara suka raɗa wa suna Auta, jikinta ya yi sanyi har ta daina ɗaga kai. Zafin jikin mage mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 ne, nata kuwa ya faɗi ƙasa sosai, kuma a tafin hannuna ba ta kai nauyin kwalin sukari ba. Na kira likita bayan ƙarfe biyun dare, ta ɗauka ba tare da ta nuna mini na tashe ta ba, ta ce kada in kuskura in ɗura mata abinci tana cikin sanyin nan, in shafa mata ɗan ruwan sukari a dasashi, in kuma nemi hanyar ɗumama ta a hankali. Hannuna yana rawa na kasa ko kunna risho. Sai ga Gwaggo ta fito daga ɗakinta da carbi a hannu, ita da tun tasowata ban taɓa ganin ta bar mage ta raɓi tabarmarta ba, domin ta yi imani gashinta ne ke kawo tarin fuka. Ta tsaya ta dube mu, ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo mini ita." Na ce, "Gwaggo, ai ba kya taɓa mage." Ta ce, "Yau zan taɓa, ai rai ne." Ta naɗe ta a gefen zanenta, ta manna ta a cikinta, ta zauna a kan darduma tana jan carbi har aka kira sallar asuba, ni kuma ina dafa ruwa ina zubawa a gora ina naɗewa da tsumma. Gari na wayewa Auta ta yi wani ɗan siririn kuka, ta lashi yatsan Gwaggo. A ranar na yi kukan da ban yi ba a lokacin da muka binne 'yan'uwanta.

Na san ba al'adarmu ba ce a fito da wanda ya yi alheri a bainar jama'a, kuma wasunsu za su yi mini faɗa, amma ba zan iya yin shiru ba. Likitarmu ta Barnawa, wadda ta riƙa tsallako gada bayan ta tashi daga aiki, ta kuma ƙi karɓar kuɗin zuwanta sai na magani kaɗai, Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya raya miki zuriya, ya sa ki gama da iyayenki lafiya. Baba mai gadin layinmu, wanda ya riƙe mana tocila a dararen da babu wuta, ya kuma haƙa ramukan nan uku ba tare da an roƙe shi ba, Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira. Malam mai Keke Napep na bakin kasuwa, da ya ɗauki keji mai warin gudawa a lokacin da wasu suka toshe hanci suka wuce, Allah ya ba ka naka na kanka. Ɗaliban koyon likitancin dabbobi da suka karɓe mu a Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ranar da muka kai manyan biyu hoton ƙoda, Allah ya ba ku ilimi mai amfani. Ƙanwata da ta kamu da makero a wuyan hannu saboda wanke su, ta kuma ci gaba da zuwa tana dariya, ba ni da abin biyan ki. Waɗanda suka turo kuɗi suka ce a ɓoye sunansu, na ɓoye, amma Wanda ba a ɓoye masa komai ya gani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, ya kuma ce akwai lada a kan kyautata wa duk mai rai. Ina roƙon Allah ya rubuta muku wannan ladan ninkin-ba-ninkin, ya yaye muku damuwa kamar yadda kuka yaye mana, ya ba marasa lafiyarku lafiya, ya jiƙan magabatanku.

Akwai 'yan'uwa na jini da gidajensu ba su fi tafiyar minti goma daga namu ba, waɗanda har yau ba su leƙo ba, sai saƙon da ya iso mini ta bakin wasu cewa wai na rasa abin yi da kuɗi ne. Ban riƙe kowa a zuciya ba, kuma ƙofa a buɗe take.

Game da masu neman a ba su riƙo, ina roƙon ku ƙara haƙuri, domin magen da ta warke daga wannan cuta tana iya ci gaba da fitar da ƙwayar a kashinta har makonni 6, kuma masu makero ba su gama shan magani ba, shi kuwa makero yana kama mutum, musamman yara. Ina kuma so duk mai sha'awa ya san abin da zai ɗauka. Yawancinsu 'yan Farisa ne, masu dogon gashi da shafaffen hanci, kuma wannan kyawun da ake sayen su dominsa shi ne tushen wahalarsu: gajeren hancin yana takura musu numfashi, idanunsu ba sa rabuwa da hawaye da kwantsa sai an riƙa goge musu kullum, gashin kuma idan ba a taje shi kowace rana ba sai ya dunƙule ya zama maɓoyar ƙuma. Zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu yana galabaitar da su fiye da magen gida. Akwai kuma cutar ƙoda ta gado da ta yi yawa a wannan jinsi, inda ƙuraje masu ruwa ke tsirowa a cikin ƙodar, kuma hoton da aka yi a Zariya ya nuna ɗaya daga cikin manyan tana ɗauke da ita. Ita ba za mu bayar ba, za ta zauna da mu, kuma Gwaggo ta riga ta ce Auta ma ba ta zuwa ko'ina.

Sauran 6 za su fita ne bayan an kammala musu allurar rigakafi, har da ta ciwon haukan kare, an kuma yi musu aikin hana haihuwa, domin ba mu ceto su don a sake mayar da su jarin haihuwa a wani kullallen ɗaki ba. Ba ma karɓar ko kwabo a kansu, amma za mu zo mu ga gidan da za su zauna kafin mu miƙa. Wanda zai karɓa ya yi mana alkawarin ba zai taɓa ba mage farasitamol ba, ko da ɓarin ƙwaya ne, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi kuma yana kashe ta, haka nan ba zai shafa mata maganin ƙuma na karnuka ba. Idan riƙon ya gagara, a dawo mana da ita, ba za mu tambayi dalili ba. Masu son zuwa gani su bari sai likita ta ba da izinin buɗe ɗakin, zan sanar a lokacin in sha Allahu.