Bika ya cinye mana masar Bauchi a Yankari

Jiya da la'asar muka shigo Kano, amma har yanzu in na tuna fuskar Yaya lokacin da bika ya fizge ledar hannunsa, sai dariya ta ƙwace mini. Mu biyar muka je gandun dajin Yankari: ni da Yaya da matarsa da yaransu biyu.

Hanyar Kano zuwa Bauchi babu wani abin faɗa, in ban da wani jami'i a wani shinge da ya sa muka sauke kayan but kaf, ya kwance tabarmarmu yana dubawa, ko amsa sallamarmu bai yi ba. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, don mutum da iyalinsa a mota ya cancanci a yi masa magana da mutunci.

A Bauchi muka tsaya sayen masa, wadda mu Kanawa muke cewa waina. Gaskiya ɗaya ce, tasu ta fi tamu. Ga laushi, ga kauri, ga ɗan tsami daidai misali. Matar da ke suyar ta ji harshenmu ta ce, "Baƙi ne ke nan," ta ƙara mana gyara har guda biyar, ta ƙulla yaji daban. A unguwarmu kuɗin nan rabin ledar ma ba za su cika ba. Muka ci kaɗan, muka ce sauran sai dare.

Daga hanyar Gombe muka karya a Dindima, muka shiga ƙofar gandun dajin a Mainamaji. Yara suka fara murnar an iso, alhali akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai cikin daji kafin masaukin Wikki. Tun a ƙofa aka ja mana kunne: kada a riƙe leda a fili, kada a bar ɗaki ko mota a buɗe, birai sun san kan sata. Yaya ya ce, "Haba, biri ne fa."

Muna fitowa daga mota, ledar masa na hannunsa na hagu, makulli na dama. Ban ga ta inda ya ɓullo ba. Wani ƙaton bika, kafaɗa cike da gashi, ya zo a guje ya warce ledar kamar ajiyarsa ce. Yaya ya ja da baya, hularsa ta faɗi, ya kama cewa "Kai! Kai!" yana buga ƙafa. Gogan naka ko a jikinsa. Ya haye rufin wani ɗaki ya zauna a gabanmu, ya yage ledar da haƙori, yana ɗaukar masar ɗai-ɗai yana juya ta kafin ya kai baki. Da ya zo kan ƙullin yaji ya fasa, ya sunsuna, ya yi atishawa, ya wurgo mana shi ƙasa. Matar Yaya ta yi dariya har da zama a kan tayar mota. Ƙaramin yaron kuwa ya kama rigata yana cewa, "Baffa, ka ce ya rage mana."

Wani dattijo daga Gombe da ke ɗakin kusa da namu ya ga duk abin da ya faru. Bayan magariba ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce, "'Ya'yana, ku fito mu ci abinci. Mu ma burodinmu suka ɗauke shekaranjiya." Iyalinsa suka fito da dafa-duka da dambun nama. Yaya ya ce, "Baba, ai mun ɗora muku nauyi." Ya ce a daji babu baƙo, kowa ɗan gida ne. Har sha ɗaya muna hira, shi ne ma ya gaya mana tun 1962 aka buɗe wurin ga masu ziyara. Ban san ranar da zan manta da mutumin nan ba.

Da asuba sanyin hunturu ya hana kowa sakat, muka gangara matakala zuwa ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Garau yake, kana tsaye kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. A gida a irin wannan lokaci sai an ƙona gas kafin yara su yarda a yi musu wanka, nan kuwa da ƙyar muka fito da su. Ruwan yana da ɗan ja, don gangarawa yake yi zuwa kogin Gaji, sai ga silifar ƙaramin ta kama hanya. Wani saurayi ya bi ta da iyo ya dawo da ita a kan kansa, mutane suna ta tafi. Muna cikin wannan Yaya ya taɓa aljihun wandonsa ya yi salati: da wayarsa ya shiga. A cikin ɗanyar shinkafar mutanen Gombe ta wuni.

Yawon kallon dabbobi da yamma, tsando ya yi mana cizo ta cikin riga. Mun ga gwambaza da ɓauna, da gadu yana gudu wutsiya a tsaye. Giwa dai sai sawunta da kashinta, ɗanye kuwa. Kogunan dutse na Marshall guda 59 ba mu samu zuwa ba, rana ta faɗi.

A hanyar dawowa muka sake tsayawa wurin mai masa, Yaya ya ba ta labari ta yi ta dariya, ta sake yin gyara. A tsakiyar garin Bauchi muke, amma ƙaramin ya ƙi yarda a buɗe ledar sai da aka ɗage gilasan motar duka.