Waƙar da na ji a motar Mafara

Yau a motar Gusau zuwa Talata Mafara direba ya saka wata tsohuwar waƙar soyayya, irin waɗanda munka riƙa tura ma juna ta bulutut muna sakandare, wallahi har na manta da ita. Akwai baitin da mawaƙin ke cewa ya dawo ƙofar gidansu ya tarar an sare iccen da suke zance ƙarƙashinai. Ni tun can na ɗauka habaici yake ma yarinyar, wai ta ci amana ta bi mai kuɗi, haka munka riƙa rera shi da fushi kamar mu anka yi ma. Muna wuce Bungudu sai wata dattijuwa kusa da ni, tana ɓare goro, ta ce ma direba ɗana maido min wurin nan. Ya maido. Ta saurara ta ce, yaron ga ai ba da yarinyar yake ba, da kainai yake, shi ya tafi neman kuɗin aure ya shantake, damina nawa za ta yi tana jira?

Na yi tsit har Maru. Ashe ko sau ɗaya bai ambaci laifinta ba, daminun kawai yake ƙirgawa, mu munka cusa mai fushin. Ni ma akwai wadda na ce ta jira ni in gama karatu, shekara 11 ke nan ina ba abokai labarin ita ta yi gaggawa, yanzu 'ya'yanta 3. Ban taɓa zama na ƙirga sau nawa na je ƙofar gidansu a shekarar ƙarshe ba. Yau na ƙirga, sau 2 ne.