Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗigon Fijon Baba

A makon jiya na tsaya a ranar rabon gado, inda Fijo 504 ta Baba ta faɗo cikin rabona. A zauren nan, gaban kowa, Kawu ya dubi hannuwana ya ce: "Hannun alli ba ya riƙe mota." Ina malamin lakwal a Tawa a lokacin, kuma har yau da furfura ta cinye kaina maganar ba ta bar kunnena ba.

Motar ta zo da ciwonta. Kowace safiya sai in iske baƙin tabo a ƙasa ƙarƙashin dogon yaron da nake ajiye ta, uwargida ta bi da toka tana rufewa saboda yara. Wannan ya faru ne bayan karyewar darajar sefa ta watan Janairun 1994, lokacin da duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, ga albashi yana yin watanni bai fito ba. Injin lita huɗu yake sha idan an yi bidanj, wato canjin mai, ni kuwa ina ta ƙara masa baƙin mai kamar mai shayar da rairayi. Wani makanike, ba zan faɗi garejinsa ba, ya leƙa ƙasa sau ɗaya ya yanke hukunci cewa robar da ke tsakanin inji da akwatin giya ce ta mutu, sai an sauke. Kuɗin da ya ambata ya fi ƙarfina, na koma gida ina jin muryar Kawu.

Ran Lahadi na wanke injin da kananzir da tsohon buroshi, domin ƙurar Adar ta haɗu da mai ta zama laka, ba a gane inda ɗigon ya faro. Da ya bushe, na daka guntayen alli a turmin yaji (an yi mini faɗa a kan turmin nan), na barbaɗe jikin injin da garin, sannan na tayar da shi. Mai daga sama yake gangarowa, shi ya sa wanda ya duba ƙasa kaɗai yake ɗora laifi inda babu. Cikin ƴan mintoci sai ga siririn baƙin layi ya keto farin garin daga gefen murfin saman inji, ta wajen da injin 504 ya kishingiɗa. Juwan ɗin murfin, wato robar da ke toshe bakinsa, shi ne ya ƙeƙashe da zafi har yana karyewa kamar busasshen ƙosai. Hannun alli ne ya gano haka.

Wani direban Ƙonni ya sayo mini sabon juwan daga Sakkwato, tunda a lokacin a Kaduna ake haɗa irin motar, kayanta ba su wuya a can. A nan na yi wautar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na ɗaure murfin da dukan ƙarfina, robar ta matse ta tsage, ɗigon ya ninka na da. Sai da na sake aikawa aka kawo wani, na kankare bakin murfin tas, na ɗaure a hankali, kaɗan nan kaɗan can. Na kuma canja zoben jan ƙarfe na noti mai zubar da mai, wanda Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa canjawa ba.

Shekaru bayan haka, da ciwo ya kayar da Kawu, a cikin Fijon nan na kai shi asibitin Galmi cikin dare. Yana kwance a kujerar baya ya ce: "Ɗan nan, ashe motar Yaya tana nan da ranta?" Na ce: "Tana nan, Kawu." Bai tambayi wanda ya gyara ta ba.

Kwalin da na shimfiɗa ƙarƙashinta a daren gyara na biyu ya wayi gari fari fat, na kai shi zaure na jingine inda Kawu yake zama idan ya zo.