Abin da sauya kamfanin waya ya koya mini a ofishinmu na Jidda

A ƙarshen wannan wata zan ajiye aiki a ofishin hidimar alhazai da masu Umara inda na shafe shekara shida ina kula da wayoyi da kwamfutoci, kuma cikin duk abin da ya wakana a tsawon wannan lokaci babu wanda ya tsaya mini a rai kamar makon da muka sauya kamfanin da ke ba mu layi.

Tsohon layinmu E1 ne mai ɗaukar kira 30 a lokaci guda, sabon kuwa SIP ne, wanda muryar ke bi ta hanyar intanet. Na roƙi mudir, wato shugaban ofis, a rubuce da ya bar layukan biyu su yi aiki tare na mako guda kafin a yanke tsohon, ya ce ba zai biya kuɗin waya sau biyu ba. Haka muka yi sauyin daren Alhamis, ana saura kwanaki kaɗan a ga watan Ramadan. Da na gama saita santiral, wato na'urar da ke rarraba kira a ofis, na ɗauki wayar tebur na danna 9 don samun layin waje, na kira wayata ta hannu, ta yi ƙara a aljihuna. Na kira wakilinmu na Kano ta 00234, muka gaisa murya tar, na kira Riyad da 011, nan ma kira ya shiga, sai na kulle ofis na tafi gida da kwanciyar hankali. Ban gwada ko lamba ɗaya ta wayar tebur a Jidda ko Makka ba, kuma wannan laifina ne ni kaɗai.

Jidda da Makka da Ɗa'ifa lambar yanki ɗaya gare su, wato 012, saboda haka ma'aikatanmu sun saba danna 9 su biyo da lambobi bakwai kawai, kuma haka aka adana lambobin otal-otal da kamfanonin motoci a cikin wayoyi da na'urar faks. Ranar Lahadi da safe duk waɗannan lambobi suka ƙi shiga. Mutane sun koma amfani da wayoyinsu na hannu, amma faks ba ya kai ƙara, don haka takardar sunayen wani ayari da ya kamata ta isa otal a unguwar Misfala ta Makka ba ta taɓa fita ba. Da dare na tarar da motarsu tsaye a ƙofar otal, dattawa sanye da harami sun galabaita, wata tsohuwa daga Sakkwato ta riƙe mini hannu ta ce, “Ɗana, yaushe za a ba mu ɗaki?” Ba ni da amsar da zan ba ta.

Kwana biyu na ɓata ina neman matsalar inda ba ta. Na sauya wayoyin haɗi, na bincika katangar tsaron intanet, na yi ta kiran sabon kamfanin suna cewa layi lafiya lau, kuma gaskiya suka faɗa. Sai da na buɗe rajistar kira ta santiral na ga cewa duk kiran da ya faɗi yana dawowa da 484, wanda a tsarin SIP ke nufin lamba ba ta cika ba. Tsohon kamfanin ya san daga yankin da kiranmu ke fitowa, shi ke cike 012 da kansa, sabon kuwa cikakkiyar lamba yake buƙata. Gyaran bai kai rabin sa'a ba: a cire 9, idan abin da ya rage lambobi bakwai ne a ƙara masa 012, idan ya fara da sifili a bar shi yadda yake. A nan ne kuma na gano abin da ya fi tayar mini da hankali, cewa lambobin gaggawa 911 da 997 da 998 ma ba sa fita, domin santiral na ɗaukar 9 ɗin farko a matsayin neman layin waje yana cire shi. Haka lambobin kamfanoni da ke farawa da 9200 suka kasance. Na kuma tsinci lambobi masu 02, tsohuwar lambar yankinmu tun kafin sauyin lambobin yanki na 2013, waɗanda tsohon saitin ke gyarawa a ɓoye ba tare da an rubuta ko'ina ba.

A taron ranar Talata mudir ya ce a gaban kowa na zubar wa ofis mutunci, aka yanke mini albashin kwana biyar. Bai ambaci makon da na nema ya hana ba. Na ce, “Yallaɓai, na amsa laifin gwaji,” na yi shiru a kan sauran, ko da yake takardar tana nan a wurina har yau, kuma har yanzu abin yana yi mini ciwo.

Tun daga lokacin ba na taɓa saitin waya ana dab da Ramadan ko Hajji, kuma rajistar kira nake fara buɗewa kafin in zargi kowa. Na tsara takardar gwaji mai nau'in kira goma sha huɗu, faks da lambobin gaggawa a sama, wadda reshenmu na Madina ya yi amfani da ita lokacin nasa sauyin, sai dai an mayar da 012 zuwa 014, kuma ba a rasa kira ko ɗaya ba. Jiya na miƙa ta ga yaron da zai gaje ni, na sa ya kira kowace lamba a gabana.