Yau an tambaye ni abin da Shata ya yi mini

Litinin, tsakiyar ɗari.

Hazo ya kwana a gari. Na buɗe shago wajen ƙarfe 8, na kakkaɓe ƙurar da ta hau kwamfuta, yarona ya jera salulolin da aka bar mana caji tun jiya. Sana'ar ke nan: caji, ɗan gyare-gyare, sai zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi da karatun Alƙur'ani a memori. Ran Litinin mutanen karkara kan shigo Maraɗi da yawa, daga Madarunfa, daga Jiratawa, daga Tsibiri, don haka kafin hantsi bencina ya cika.

Wajen ƙarfe 11 wani dattijo ya zo, abokin mahaifina ne tun zamanin da suke fatauci tare zuwa Jibiya. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida, ya zura hannu a aljihun babbar riga ya ciro ƴar rediyonsa mai cin memori, an ɗaure murfin batirin da robar taya. Ya ce jikansa ya goge masa komai ya cika ta da waƙoƙin zamani.

"Ɗana, ka maido mini Shatana."

Na ce to Baba, an gama. Waƙoƙin Shata na daɗe da ware musu wuri a kwamfutata, kuma ba a hargitse suke ba. Na sarakuna daban, na attajirai daban, na direbobi da manoma daban, na gargaɗi daban. Wata waƙar ma ɗauka biyu gare ni, ɗaya ta gidan rediyo mai tsabtar sauti, ɗaya ta wurin biki wadda za ka ji hayaniyar jama'a da sanƙira yana sanar da kyautar da aka yi. Na tambaye shi wacce yake so. Ya ce ta bikin, don a nan ne ake jin Shata na gaskiya. Ya ji daɗi ƙwarai, yana ta sa mini albarka, yana cewa yaran yanzu ba su san waɗannan abubuwa ba.

Sai yarona, da ba shi da wata mugunta a ransa, ya ce: "Baba, ka ga duk sanin nan da maigida ya yi wa Shata? Shi fa ba ya sauraren sa. Ban taɓa ganin ya kunna don kansa ba."

Dattijon ya juyo ya dube ni, ya daɗe bai ce komai ba. Mutanen da ke kan benci ma suka yi tsit. Sannan ya ce, "Mi Shata ya yi maka?"

Na ce Baba, bai yi mini komai ba sai alheri, da shi nake cin abinci kullum. Na ce ina ganin girmansa ƙwarai, sai dai kunnena bai karɓi kiɗansa ba. Ya girgiza kai ya ce Shata ai son kowa ne, ƙin wanda ya rasa. Ban ja da shi ba, babba ne. Amma ban kuma janye maganata ba, don da na ce wasa yaron yake yi, da na yi wa abokin ubana ƙarya a kan abin da bai kai a yi ƙarya dominsa ba.

Tun da ya tafi maganar take yawo a raina, har na kasa sakin jiki da aikin rana.

Na san wane ne Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, ya fara da tallan goro da alewa kafin kiɗa ya ja shi. Ya ɗauki kalangu, wanda aka fi sani da kiɗan mahauta da ƴanmata a dandali, ya shiga da shi fadar sarakuna da gidajen rediyo da ƙasashen waje. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a watan Yuni na 1999, aka rufe shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Duk wanda ya gan shi a fili yana faɗin abu ɗaya: mutumin nan a tsaye yake ƙera waƙa, ya dubi mutum, ya ji sunan garinsu da na ubansa, nan take ya ɗora baiti, kuma baitin ya zauna daram a kan kiɗa. Ni da nake rarraba waƙoƙinsa na ga yawan sunayen garuruwa da tashoshi da mutanen da ya ambata. Akwai direban da ba wanda zai tuna da shi yau in ba don bakin Shata ba. Wanda ya ce wannan ƙaramin abu ne bai san Hausa ba.

Amma in aka kunna, ga abin da ke faruwa da ni. Minti biyu na farko ina bin maganar, ina jin daɗin yadda yake juya ta. Daga nan kalangai su taru su hau kaina. Ƴan amshi su riƙe layi ɗaya suna maimaitawa, suna maimaitawa, kiɗan ba ya sauka ba ya hutawa, har in ji kafaɗuna sun ɗaure. Na san sarai wannan maimaicin shi ne ginshiƙin abin, shi ne ke ba mawaƙin filin da zai yi tunanin baiti na gaba, shi ne kuma ke sa dattawa irin Baba su lumshe ido suna gyaɗa kai. Na san haka da kaina, amma jikina bai sani ba. Na gwada da safe, na gwada da dare, na gwada a mota kan hanyar Damagaram inda direba ya sa shi tun daga tasha. Abin bai sauya ba.

Abin da ke shiga raina kai tsaye shi ne murya ɗaya da tsirkiya ɗaya. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa: ɗan gwangwani aka rufe da fatar akuya, aka ja tsirkiya guda, shi ke nan kayan aikin. Ba ƴan amshi, ba taro. Yana waƙar ɗan adam da talaka da zaman aure kamar yana zaune kusa da kai a zaure. Ranar da aka ce ya rasu, a watan Yunin 2015, na rufe shago da wuri. Haka kuma Sa'adu Bori, wanda muka tashi muna jin sa a bukukuwan garin nan, har haɗarin mota ya ɗauke shi a 2008. Ba zan ce waɗannan sun fi Shata ba. In aka sa ni a gaban alƙali aka ce in jera mawaƙan Hausa bisa girman aiki, Shata zan sa a gaba, tare da Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa da Musa Ɗanƙwairo. In kuma aka ce in zaɓi wanda zan kunna ni kaɗai bayan isha'i, ba shi zan ɗauka ba. Tambayoyi biyu ne daban, mutanenmu ne suke haɗe su wuri ɗaya.

Mahaifiyata ce ta fi kowa saurin gane wannan. Da na koma gida cin abincin rana na ba ta labari, sai ta ce ai ita ma man shanu ba ta iya cin sa a miya, ƙamshinsa kaɗai yana tayar mata da zuciya, amma in baƙo mai daraja ya zo shi take zuba masa, don ta san shi ne karamci. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Da la'asar ba wani abu, an ɗauke wuta na ɗan lokaci, na gyara bakin cajin salula biyu, wata mata ta zo a zuba mata Barmani Choge saboda bikin ƙanwarta.

Abin da ya ɓata mini rai da gaske a fada ya faru, wato majalisarmu ta hira da shan shayi, bayan magariba. Labari ya riga ni isa, don ɗaya daga cikin waɗanda ke kan benci da safe ɗan fadarmu ne. Ana dafa shayi na farko ana ta tsokana ta, ban damu ba. Sai wani ƙanenmu, ɗalibin jami'a, ya matso kusa da ni da murna kamar ya sami abokin yaƙi. Ya ce, "Yaya, gara da ka faɗa musu. Mutanen nan duk maroƙa ne, ihu ne kawai da bambaɗanci, an wuce zamaninsu."

Na ce masa kada ya sa ni cikin wannan layin. Na tambaye shi waƙar Shata nawa ya taɓa ji daga farko har ƙarshe. Ya yi shiru. Na ce to ni na ji ɗaruruwa, shi ya sa nake da bakin cewa ba ta yi mini daɗi ba, kai kuwa ba ka ji ba ka yanke hukunci. Gaskiya ne akwai roƙo a ciki, akwai yabon mai kuɗi, akwai zambo ga wanda ya hana. Ba na ɓoye wannan, kuma akwai waƙoƙin da nake ganin an yabi wanda bai cancanta ba. Amma ka tsaya gaban dubban mutane ba takarda a hannunka, ka yi rabin sa'a kana zuba Hausa ba tuntuɓe, kowane baiti da ma'anarsa da karin maganarsa, sannan mutane su riƙe ta a ka shekara hamsin, je ka gwada ka dawo mu yi magana. Muryata ta ɗan hau, har mai shayi ya ce in sassauta.

Shi ƙanen namu, kiɗan Bombino yake so. Na ce masa to ga wani misalin. Bombino ɗan Agadas ne, ɗan ƙasarmu, shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar kyautar Grammy ta Amurka, a bikin 2019. Ranar da na ji labarin na yi alfahari har cikin raina, kuma duk baƙon da ya zo shagona yana tambayar kiɗan Nijar sai na zuba masa shi. Amma jitar nan tasa mai kuka ba ta taɓa riƙe ni minti biyar ba. Na ce ka taɓa jin na kira shi mai ihu? Ya ce a'a. Na ce to abin da nake nema gare ka ke nan game da Shata.

Daga nan hira ta buɗe yadda ban zata ba. Wani malamin makaranta a cikinmu, wanda ya girme mu duka, ya ce shi goge ne bai taɓa shiga kunnensa ba, alhali ya san don girman Ɗan Gurmu na Tawa da gogensa aka sa wa babbar gasar mawaƙan ƙasar nan sunansa tun 1987. Ya ce shekara da shekaru yana jin nauyin faɗa. Wani ya ce shi Sagalo sai a filin kokowa, in ƴan kokowa sun fito ana kirari tsikar jikinsa har tashi take, amma a rediyo a ɗaki ba ya iya jin sa. Mai shayi kuwa ya rantse duk mun lalace, shi a bar masa Ɗanƙwairo da kotsonsa a kashe sauran. Aka yi dariya, aka zuba na biyu. Ƙanen namu bai ce ya yarda ba, amma da zai tafi ya ce gobe zai kawo memori in zaɓar masa guda biyar na Shata waɗanda nake ganin sun fi ƙarfin magana. Na riga na san waɗanda zan ba shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke tilasta wa juna ƙaryar so. Yaro ya ga in ya ce bai ji daɗi ba za a ce ba shi da tarbiyya, sai ya gyaɗa kai a gaban manya, ya koma bayan ido yana zagi. Na fi son ya faɗa mini gaskiya a fuskata, ni kuma in zaunar da shi in nuna masa inda gwanintar take. Ko bai so ba daga baya, zai san abin da ya bari.

Za mu watse malamin nan ya ja ni gefe. Ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar kwali guda cike da kaset, yawanci Shata da Ɗan Anace, wasu an rubuta sunan da biro har ya dushe, yana tsoron zafi da ƙura su cinye zaren. Ya tambaya ko zan iya mayar masa da su cikin kwamfuta. Na ce zan iya, amma ba aikin gaggawa ba ne, don kaset ba ya kwafuwa sai an bar shi ya yi ta juyawa, mai minti 90 sai ya ci minti 90, kuma dole in zauna kusa ina saurare saboda in zare ya naɗe in tsayar kafin ya tsinke. Na ce ba zan karɓi ko dala ba, illa ya bar ni in ajiye kwafi, don na tabbata a cikin kwalin nan akwai ɗaukar da ba ni da ita.

Tsohuwar rediyon kaset ɗina robar cikinta ta saki, tana jan murya. Gobe kafin in buɗe shago zan biya wurin masu gyaran rediyo a babbar kasuwa in nemi wata, in sayo auduga da ɗan sinadarin goge kan. Ya ce ran Juma'a bayan masallaci zai kawo kwalin a kan babur.